Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Yankakken Furen Wardi Ke Shan Ruwa da Yadda Ake Rina Shi

Masu ƙawata wurin biki, masu yin kek da malaman kimiyya na sakandare a Birnin Kebbi, Argungu, Gusau da kewaye su ne suka fi yin waɗannan tambayoyi game da furen wardi, wanda 'yan kasuwa ke kira ros. Kusan duk amsoshin a wuri ɗaya suka haɗu: kala ba ta hawa kara da kanta, inda ruwa ya bi nan take bi. In hanyar ruwa a buɗe take, rini zai kama. In ta toshe, ko kwalba guda ta kala aka juye, furen zai bushe yana fari.

Furen da aka yanke ba shi da saiwa, to da me yake shan ruwa?

Aikin saiwa shi ne tattaro ruwa daga ƙasa, amma yawancin ƙarfin da ke ɗaga shi sama daga ganye yake fitowa. A cikin karan wardi akwai bututu sirara masu yawan gaske da masana ke kira zailem. Matattun ƙwayoyin halitta ne da cikinsu ya zama fanko, suka jeru baki da baki tun daga gindi har cikin jijiyoyin koren ganye da na ganyen furen. Mafi yawansu ba su kai kaurin silin gashi ba.

A bayan koren ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan ruwa ke fita ya zama tururi ya bi iska. Da zarar ɗigo ya fita daga sama, sai ya jawo na ƙasa da shi, wancan ma ya jawo na ƙasa, domin ƙwayoyin ruwa suna riƙe da juna kuma suna manne wa bangon bututun. Kamar igiyar guga ce: daga bakin rijiya ake ja, kuma muddin igiyar ba ta tsinke ba guga zai iso. Wani Bature ɗan Ingila, Stephen Hales, ya wallafa gwaje-gwajensa kan yawan ruwan da tsiro ke fitarwa ta ganye a 1727, sannan Henry Dixon da John Joly na birnin Dublin suka yi bayanin wannan ja a 1894.

Saboda haka idan aka yanke kara aka tsoma shi cikin ruwa, ganye na ci gaba da ja, bakin yankan kuma ya zama mashigar ruwa. Duk abin da ya narke sarai a cikin ruwan nan, sukari ne ko kala, tare za su hau.

Me ya sa wani furen ke sunkuyar da kai alhali ga ruwa cike da kwalba?

Hanya ce ta toshe, kuma abubuwa uku ne suka fi toshe ta.

Na farko iska. Ruwan da ke cikin kara a jaye yake, don haka ana yankewa sai ya zuƙe sama, iska ta biyo shi ta cika ƙasan bututun. Ruwan kwalba ba ya iya ƙetare wannan kumfa cikin sauƙi. Na biyu ƙwayoyin bakteriya. Suna hayayyafa a bakin yankan da cikin ruwa, su taru da yauƙinsu su liƙe bututun. Idan ruwan kwalba ya yi duhu-duhu, ya soma wari, ko ƙasan kara ya yi santsi, su ne. A zafin Afrilu irin namu, da rana ke wuce digiri 40, wannan na iya faruwa cikin yini guda. Na uku yanka da almakashi ko wuƙa mai dakushi, wadda ke murƙushe bakin bututun maimakon ta yanke shi.

Dalilin da ya sa wuya ne ke fara lanƙwasa shi ne, gaɓar da ke ƙarƙashin kan furen ita ce mafi ƙuruciya, ba ta yi itace ba tukuna. Cikar ruwa ce kawai ke tsayar da ita, ga kuma nauyin kai a bisanta.

Wanda ya sunkuya yana tashi?

In bai daɗe ba, sau da yawa yana tashi. A datse santimita 3 zuwa 5 daga ƙasa a cikin ruwa, a naɗe kan da wuyan da takardar jarida don su miƙe, a tsayar da shi cikin bokiti mai zurfi na ruwa mai ɗan ɗumi a inuwa na awa ɗaya zuwa biyu. Wata hanyar ita ce a kwantar da shi gaba ɗaya cikin baho na ruwa na rabin awa zuwa awa. In wuyan ya yi yini a lanƙwashe har ya yamutse ya yi baƙi-baƙi, ya wuce gyara. Irin wannan kada a ɓata kala a kansa.

Yaya ake yanke karan yadda ya kamata?

Da sabuwar reza ko wuƙa mai kaifi da aka wanke. A nutsa ƙasan karan cikin roba mai ruwa, a yanke a karkace, santimita 2 zuwa 3 daga bakin tsohon yanka, sannan a ɗauke shi da ɗigon ruwa a bakinsa a kai kwalba nan take. Yankan karkace na hana bakin zama daɓas a gindin kwalba. Yankan cikin ruwa kuma na hana sabuwar iska shiga, amma da sharaɗin ruwan robar mai tsabta ne. In an yanke furanni ashirin a ruwa ɗaya har ya gurɓace, gara a yanke a sarari a tsoma da sauri.

Duk ganyen da zai nutse a cire shi, domin ruɓewa zai yi. Ƙaya kuwa a bar ta in ba dole ba. In za a cire, a karya tsininta kawai, kada a kankare fatar kara. Akwai masu dandaƙa ƙasan kara da dutse wai don ya fi sha. Wannan ɓarna ce, bututun ake rugurguzawa, kuma ana tara wa bakteriya abinci.

Wane ruwa ya fi: na famfo, na burtsatse, na rijiya ko na leda?

Wanda ya fi tsabta da ƙarancin gishiri. Wardi ya fi son ruwa mai ɗan tsami-tsami, tsakanin 3.5 da 5 a ma'aunin tsami na pH, domin irinsa ya fi saurin bin bututu kuma bakteriya ba sa sakewa a ciki. Ruwan wasu burtsatse da rijiyoyi na da nauyi. Alamarsa sabulu ba ya kumfa sosai, kuma yana barin farin ɓawo a cikin buta. Irin wannan sai an ɗiga masa lemon tsami. Ruwan gulbi ko na fadama mai laka kada a kusance shi, ko da ya kwanta, domin ƙurar da ta rage a ciki ta isa ta toshe kara.

Don aikin rini, ruwan leda ya fi sauƙi, kuma yana saukaka awo tunda leda guda rabin lita ce. Kanwa da gishiri ba su da wuri a nan ko kaɗan: gishiri na tsotse ruwa daga jikin furen, kanwa kuma na juya ruwan zuwa kishiyar tsamin da ake nema.

Me ake zubawa a ruwa don furen ya daɗe?

A lita ɗaya, wato leda biyu: ruwan lemon tsami da aka tace babban cokali 2, sukari babban cokali 1, bilic irin su Hypo ko JIK rabin ƙaramin cokali. Sukari abinci ne ga furen da aka raba da uwarsa, shi ke taimaka masa buɗewa. Lemon na gyara tsamin ruwa. Bilic na kashe bakteriya. Kowanne a zuba shi cikin ruwan daban, kada a haɗa lemon da bilic tsagwaronsu a kofi, domin suna fitar da iska mai shaƙe numfashi.

Wanda ba shi da bilic ya bar sukarin ma. Sukari babu mai kashe ƙwayoyi, a yanayinmu, bakteriya ake kiwo. A canza ruwa kullum lokacin bazara, bayan kwana biyu lokacin sanyi, a wanke kwalbar da sabulu, a kuma ƙara datse santimita ɗaya kowane canji.

To rinin fa, wane irin fure ke karɓarsa?

Fari, sai mai ruwan madara. Kalar da ta hau ba ta goge launin asali, a kansa take zama. Rawayan fure da shuɗiyar kala kore zai bayar. Mai ruwan hoda da shuɗi zai karkata zuwa shunayya. Jan fure kuwa ba abin da zai nuna sai ɗan duhu a gefe.

A zaɓi wanda ya fara buɗewa, kamar rabi. Wanda ke dunƙule tam ba ya fitar da ruwa sosai ta ganyen furen, sai kalar ta tsaya a na waje, ya buɗe daga baya cikinsa fari. Wanda ya gama buɗewa kuma yana karɓa da sauri amma kwanansa ya ƙare. A latsa gindin kan da yatsa biyu a hankali: in da tauri sabo ne, in ya yi lakwas ya kwana biyu.

Wace kala ake amfani da ita, kuma nawa?

Kalar abinci mai narkewa a ruwa, irin wadda masu kayan kek ke sayarwa a kasuwa. Ta ruwa a ƙaramar kwalba ta fi sauƙin aiki: ɗigo 30 zuwa 40 a rabin leda, wato mililita 250. Ta gari, kwatan ƙaramin cokali a wannan adadin, a narkar da ita a ɗan ruwan zafi, a tace da tsumma mai tsabta, sannan a cika. Wasu garin kala ana cakuɗa su da gishiri don ƙara auki, shi ya sa zuba su da yawa ke ƙona gefen fure. Kalar da aka yi don cakulan mai-mai ce, ba ta narkewa a ruwa, ba za ta hau ba.

Ma'aunin ido shi ne wannan: in aka tsoma cokali cikin kofin ana hango shi sarai, kalar ta yi kaɗan. Ruwan ya yi duhu fiye da launin da ake so nesa ba kusa ba, domin abin da ke isa sama tsiraru ne.

Matakan a jere:

1. A bar furen ya ɗan ji ƙishi a inuwa babu ruwa. Rabin awa ya isa da bazara ko hunturu, awa ɗaya zuwa biyu da damina.
2. A rage tsawon kara zuwa santimita 25 ko 30. Gajeriyar hanya ta fi saurin kai kala.
3. A cire ganye, a bar biyu ko uku na sama.
4. A haɗa kala da ruwa mai ɗumi, kusan digiri 38 zuwa 40, wanda hannu ke jurewa ba tare da jin ƙuna ba.
5. A yi sabon yanka a tsoma nan take, ruwan ya rufe santimita 6 zuwa 8 na kara.
6. A ajiye a ɗaki mai haske da iska, ban da rana kai tsaye.
7. In launi ya kai yadda ake so, a ɗauraye kara, a datse santimita ɗaya, a mayar da shi ruwan lemon da sukari da bilic.

Abin da mutane suka fi kuskurewa: zuba bilic a ruwan kala. Bilic aikinsa cinye launi, kafin awa guda kofin ya koɗe. Lemon ma ɗigo kaɗan ya isa a wannan mataki, domin akwai jar kalar da ke tsinkewa ta kwanta a gindi idan tsami ya yi yawa.

Batun ganye ya rikita mu. A cire ko a bari?

Duka biyun suna da hujja. Koren ganye shi ke fitar da mafi yawan ruwa, don haka shi ke jan kala da ƙarfi, amma kansa yake jawo wa. Kara mai ganye goma zai shanye kofi da sauri, ganyen su yi duhu, furen ya samu saura. In an tsige duka, kusan duk kalar furen za ta nufa, sai dai a hankali. Biyu ko uku na sama shi ne tsaka-tsakin da ya fi dacewa. Da tsananin hunturu ana iya barin ɗaya kawai, tunda busasshiyar iska na yin aikin jan da kanta.

Awa nawa kafin launi ya bayyana?

Yakan fara nunawa a gefen ganyen fure da jijiyoyinsa cikin awa 2 zuwa 4, ya kankama tsakanin awa 12 da 24. Daga Disamba zuwa Fabrairu, da iska ke bushe, ya fi sauri. A watan Agusta, da iska ke cike da laima, jan ruwa na raguwa, sai an ƙara haƙuri ko a kunna fanka daga nesa. Wuce awa 24 a cikin kala ba ya ƙara wani kyau, gefen ne ke soma bushewa yana ƙanƙancewa.

Shuɗi da kore sun fi fitowa ƙarara. Rawaya takan yi laushi, ja kuma sau da yawa a ruwan hoda take tsayawa.

Me ya sa launin ke fitowa zane-zane, gefe ya fi tsakiya duhu?

Haka yake, ba kuskure ba ne. Kala na bin jijiyoyi har ƙarshensu, ruwa ya tsere ya bar ta a can, wani ya zo ya ƙara. Ƙarshen hanya shi ne gefe, nan take taruwa. Wanda ke son launi bai ɗaya kamar na yadi, wannan hanya ba za ta ba shi ba, sai tsomawa ko feshi.

Ba za a iya amfani da soɓorodo, baba, lalle, bula ko galura ba, tunda su ke kusa?

Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta na cikin ginin karan. Bututun zailem ba guda ɗaya ba ne miƙaƙƙe daga ƙasa zuwa sama. Guntaye ne, kuma daga wannan zuwa wancan sai ruwa ya ratsa wata tantani mai ramukan da suka fi na kowane rariya ƙanƙanta. Abin da ya narke sarai ne kaɗai ke wucewa. Abin da ke yawo a ruwa a matsayin ƙura, komai laushinsa, a nan zai maƙale ya rufe hanya.

Bula ta wanki ƙura ce, ba ta narkewa. Lalle ma garin ganye ne, tsakinsa zai toshe kara kafin launi ya je ko'ina. Shuɗin baba ba ya narkewa a ruwa kawai, sai a ruwan marina mai toka, wannan ruwa kuwa kashe kara zai yi. Galurar rinin tufafi akan haɗa ta da gishiri ko soda mai ƙarfi, ga shi ba a so ta kusanci abinci ko hannun yara. Fenti da kalar zanen yara mai kauri duk layinsu ɗaya.

Soɓorodo ne kaɗai ke da dama, domin jansa na narkewa. In an dafa shi da kauri babu sukari, aka tace sau biyu da tsumma, yakan ba da ɗan ruwan hoda a jijiyoyi. Sai dai launin ba ya da ƙarfi, yana saurin komawa ruwan ƙasa, kuma ruwan na tsami da wuri. Ya yi don gwajin ɗalibai. Don odar biki, a'a.

Furen nan mai launi uku ko huɗu a kai ɗaya, yaya ake yinsa?

Bututun kowane ɓangare na kara sun fi shayar da ganyen furen da ke ɓangarensu. In aka tsaga ƙasan kara aka ba kowane tsagi kalarsa, kowace za ta hau ta nata gefen. Wani mai sana'ar fure ɗan ƙasar Holan, Peter van de Werken, shi ya shahara da mayar da wannan kasuwanci, kuma farin wardin da ake kira Vendela na cikin waɗanda aka fi yi da su.

A gida, a zaɓi kara mai kauri, kamar fensir. A kwantar da shi a kan katako, a tsaga da reza daga ƙasa zuwa sama tsawon santimita 6 zuwa 8. Mai farawa ya tsaya a tsagi biyu, in hannu ya faɗa ya gwada uku. Huɗu na buƙatar kara mai kauri sosai. A ɗaura zare ko robar kuɗi a inda tsagar ta tsaya don kada ta ci gaba. Mazuban su zama sirara masu tsawo ɗaya, a ɗaure su wuri guda, kamar kwalaben magani da aka wanke sosai ko ƙananan ledojin ƙanƙara. Karan wardi itace ne, in aka buɗa tsagin da yawa don ya kai kofuna masu nisa da juna, karyewa zai yi, wanda ya karye kuma ba ya sha. A jingina kan furen da wani abu don ya tsaya cak.

Ja, rawaya da shuɗi sun wadatar, domin inda suka haɗu a sama sukan haifar da kore, ruwan goro da shunayya. Kada a haɗa ja da kore kusa da juna, ruwan ƙasa mai datti suke bayarwa. Bayan an gama a yanke duk wurin da aka tsaga a yar. Irin wannan fure ba ya kai ɗan'uwansa kwana, tunda raunin da aka yi masa ya fi yawa.

Ashe babu shuɗin wardi na asali?

Babu. Wardi ba shi da ƙwayar gadon da ke haɗa sinadarin delfinidin, wanda ke ba furanni da dama launin shuɗi. Kamfanin Suntory na Japan da Florigene na Ostireliya sun dasa masa wannan ƙwayar gado, suka sanar a 2004, aka fara sayar da shi a Japan a 2009 da sunan Applause. Duk da haka launinsa shunayya ce mai haske, bai kai shuɗi ba. Duk wani wardi mai shuɗi garau da aka gani a shago ko a hoto, rinanne ne. Baƙin wardi ma haka: ja ne mai tsananin duhu, ko kuma rini. In aka ba farin fure baƙar kalar abinci, yawanci toka-toka ko shunayya-shunayya yake fitowa, domin baƙar haɗin launuka ce, kuma ba tare suke isa sama ba.

In na dasa karan rinannen fure, ko na sayi irin mai launin bakan gizo a intanet, zai fito haka?

Ba zai fito ba. Kala ba ta taɓa gadon tsiro. In karan ya kama, farin fure zai yi. Masu tallan iri da hoton wardi mai launi bakwai kuɗinku kawai suke so. Zuba kala a gindin wanda ke shuke ma asara ce, domin saiwa na tace abin da ke shiga.

Furen da aka kawo daga nesa, a rina shi da isowarsa?

A'a. Yawancin wardin da ke zuwa wannan yanki daga Jos yake, ko kuma na Kenya da Habasha da ke sauka Legas ko Abuja a jirgi. Kafin ya iso Gusau ta Zariya da Funtuwa, ko Birnin Kebbi ta Kontagora da Yawuri, ya yi awanni a mota babu ruwa. Wannan ya wuce ɗan ƙishin da ake so, ƙasan karansa cike yake da iska. A datse santimita 5, a ba shi ruwa mai tsabta awa 2 zuwa 3 a wuri mai sanyi har wuya ya yi ƙarfi, a cire ganyen furen na waje biyu ko uku da suka ƙuje, sannan a bi matakan rini daga farko. Mai wardi a gida ya yanka da sassafe bayan asuba, lokacin da kara ke cike da ruwa, da bokiti a hannu.

Biki ranar Asabar ne. Yaushe za a fara, kuma ina za a ajiye in babu wuta?

Furen ya iso Alhamis da yamma ko Juma'a da safe, ya sha ruwa, ya shiga kala Juma'a, a fitar da shi Asabar da safe. A sayi rara, kamar biyu a kan kowane goma, don wasu ba za su karɓa daidai ba. In ana son ya dace da anko, a gwada da fure biyu mako guda kafin nan, a kuma gaya wa uwar biki gaskiya cewa kusa da launin za a samu, ba shi sak ba.

Manyan dillalai na ajiye wardi a sanyin digiri 1 zuwa 2. Firjin gida, mai kusan digiri 4, ya yi, ban da firiza, kuma kada furen ya taɓa bangon baya. Amma a lura: a cikin sanyi jan ruwa na raguwa ƙwarai, don haka ba a rini a firji, sai bayan an gama. Kada a haɗa shi da ayaba, mangwaro ko tumatir, domin suna fitar da iskar etilin mai tsofar da fure. Hayaƙin janareta da na murhu ma haka.

In babu wuta, a sa bokitin a ɗaki mafi sanyi, kusa da randa, a ƙasa, a lulluɓe da jiƙaƙƙen yadi marar nauyi wanda ba ya danne kawunan. Tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar sanyaya kaya da wani malami, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa a Jigawa har ta kai shi ga kyautar kamfanin agogo na Rolex a 2000, tana aiki sosai a busasshiyar iska, in dai tukunyar ta isa tsawon karan. A ɗaki mai sanyi wardi na iya yin mako guda ko fiye. A zafin Afrilu babu na'urar sanyi, kada a yi wa kowa alkawarin fiye da kwana biyu zuwa uku.

Yana ɓata kaya?

Kalar na cikin naman furen, taɓawa da busasshen hannu ba ta fitar da ita. Amma in ya jiƙe, ko aka murje shi, ko gumi ya same shi, zai zuba. Ƙasan kara shi ya fi ɓarna. In amarya za ta riƙe, a goge karan, a naɗe shi da leda sannan ƙyalle. Kada a yayyafa wa rinannen fure ruwa don ya yi sheƙi a kan farin teburi. Mai aikin ya sa safar hannu, in ba haka ba yatsu za su kwana biyu da shuɗi.

Tsomawa da feshi fa?

Su ne hanyar gaggawa. Akwai rini na musamman da ake tsoma kan fure a ciki na 'yan daƙiƙoƙi, a ɗauraye, a bar shi ya bushe, akwai kuma feshin da aka yi don furanni, wanda ake fesawa sama-sama daga nisan kusan santimita 30. Suna ba da launi bai ɗaya. Fentin feshi na mota ko na ƙarfe ƙona furen yake yi.

Malami na son nuna wa ɗalibai wannan, ga wardi da tsada. Me zai yi amfani da shi?

Ganyen kabeji na ciki mai haske, ko latas mai farin ƙashi, suna nuna jijiyoyi sarai cikin yini guda. A kauce wa tsiro mai farin nono irin su tumfafiya, nonon na liƙe bakin yanka, kuma yana cutar da ido. In an samu wardi ko guda uku ne, a sa su a kala iri ɗaya: ɗaya da ganyensa a gaban fanka, ɗaya an tsige ganyen, ɗaya an rufe shi da leda. A ɗiga man gyaɗa kaɗan a saman ruwan kowane kofi bayan an tsoma karan, don kada ruwa ya tsere ta sama, a yi alama a jikin kofi, a duba bayan awa 6 da awa 24. Sannan a yanka karan a gicciye da reza: ɗalibai za su ga zobe mai launi kewaye da farin ɓargo na tsakiya, wannan zoben shi ne zailem.

Tunda kalar abinci ce, za a iya ɗora furen a kan kek ko a jiƙa shi a shayi?

Kalar ba ita ce matsalar ba. Wardin da ake nomawa don ado ana fesa masa maganin ƙwari da na fumfuna waɗanda ba a yi su don abin ci ba, sannan ya sha ruwan bilic. Ba a ci, ba a jiƙawa. In don kwalliyar kek ne, a naɗe guntun karan da leda, a sa takarda ko faranti tsakaninsa da kirim, a cire shi kafin a yanka. Ragowar ruwan kala a zubar da shi nan take, domin a kofi yana kama da lemon kwalba, yaro na iya ɗauka.